Darasi na Tara: Zaɓen Adaftar Sauti Mara Waya Don Kwamfuta Mai Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Kwamfutoci da yawa da ke aiki garau ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman sharaɗin TPM 2.0 da na sabuntar injin. Masu su kuwa ba su ga dalilin zubar da abin da bai lalace ba. Wannan na cikin abin da ya kawo da yawanku ga Ubuntu ko Linux Mint, kuma a darussan baya mun ga yadda ake ɗora su.

Linux ba baƙo ba ne a Manchester. Linus Torvalds ya fitar da shi a birnin Helsinki a 1991, kuma a watan Fabrairun 1992 Owen Le Blanc na cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Manchester ya harhaɗa MCC Interim Linux, ɗaya daga cikin zubin farko da mutum zai iya ɗorawa ba sai ya zama gwani ba. A jami'ar nan ce kuma kwamfutar da ake kira Baby ta fara aiki ranar 21 ga Yunin 1948. Sai dai tarihin gari ba ya haɗa hedifon da kwamfuta. Wadda ta taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi a Longsight, tana son shiga ajin Turanci ta Zoom ba tare da ta tashi yara ba, ko direban tasi a Small Heath ta Birmingham da ke son jin tafsiri ko labaran BBC Hausa yayin da iyali ke barci, abin da ya dame su shi ne sauti ya fita ta Bluetooth, ya tsaya, kada ya riƙa yankewa.

Kafin ku kashe ko sisi

Mafi yawan laftof ɗin da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce suna da Bluetooth a ciki, a kati ɗaya da Wi-Fi. Saboda haka a fara da dubawa. Ku buɗe Terminal, ku rubuta lsusb, ku danna Enter. Jerin layuka zai fito, kowane layi na'ura guda. Ku nemi inda aka ambaci Bluetooth, ko Intel, ko Realtek, ko MediaTek, ko Qualcomm. Daga nan ku rubuta rfkill list. Idan kuka ga an rubuta Soft blocked: yes a ƙarƙashin Bluetooth, manhaja ce ta kulle shi, kuma rfkill unblock bluetooth zai buɗe. Idan Hard blocked ne, to wani maɓalli ne a jikin kwamfutar ko saiti a BIOS. Mutane da dama sun sayi adafta alhali nasu na ciki lafiyarsa ƙalau, a kulle kawai yake.

Kwamfutar tebur ita ce galibi ba ta da shi, musamman tsofaffin Dell da HP da ofisoshi ke sayarwa bayan sun sabunta nasu. Mai irin wannan, ko mai laftof da katinsa ya mutu, shi ne zai shiga kasuwa.

Hannaye huɗu da sauti ke bi

A Windows, kamfanin da ya ƙera adafta shi ke rubuta direbanta, ku sauke ku ɗora. A Linux ba haka abin yake ba, kuma wanda ya fahimci wannan ya ci rabin darasin.

Hannu na farko shi ne ɗan ƙaramin ƙarfen da ke cikin adaftar, wanda masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano ke kira ai-si. Na biyu shi ne kanel, wato zuciyar Linux, inda direban da ake kira btusb yake zaune tun asali. Wasu ai-si ɗin kuma ba sa farkawa sai kanel ya loda musu wani ɗan fayil da ake kira famwaya duk lokacin da aka soka su. Na uku shi ne BlueZ, manhajar da ke kula da nemo na'urori da ƙulla su, wadda ta shiga Linux tun 2001. Na huɗu shi ne mai rarraba sauti. A da PulseAudio ne, yanzu PipeWire ya karɓe: Fedora ta koma kansa a zubi na 34 a 2021, Ubuntu a 22.10, Linux Mint kuma a zubi na 22 a 2024. Idan kuna son sanin wanda kuke da shi, ku rubuta pactl info. Sunan PipeWire zai bayyana a layin Server Name idan shi ne.

Abin da wannan ke nufi a aljihunku shi ne, adafta ɗaya za ta ƙi aiki a Ubuntu 20.04 amma ta yi aiki nan take a 24.04, ba don an canza ta ba, sai don kanel ɗin ya san ta yanzu. Ku rubuta uname -r ku ga lambar naku. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15, Debian 12 da 6.1, Ubuntu 24.04 da 6.8. Wanda ke kan tsohon zubi, sabunta manhaja ya fi masa sayen sabuwar na'ura, kuma kyauta ne.

Adaftoci iri biyu ne, ko da yake kama suke yi

A kanti za ku ga 'yan ƙananan abubuwa masu bakin USB, duk an rubuta musu Bluetooth, amma aikinsu ya sha bamban.

Iri na farko shi ne adaftar Bluetooth ta gama-gari. Ita eriya ce kawai da ai-si. Duk tunanin kwamfuta ke yi ta hannun BlueZ da PipeWire. Da ita za ku haɗa hedifon, da linzami, da kibod, da waya, duk a lokaci guda. Kuɗinta ba ya cika wuce fam 10 zuwa 15. Sharaɗinta ɗaya: sai kanel ya san ai-sinta.

Iri na biyu mai aika sauti ne zalla, irin su Creative BT-W5, da Sennheiser BTD 600, da Avantree DG60. Wannan idan kuka soka shi, kwamfuta ba ta ma san Bluetooth ba ne. A wurinta katin sauti ne na USB, irin wanda Linux ya daɗe da sani. Shi da kansa yake ƙulla zumunci da hedifon, ta hanyar ɗan maɓallin da ke jikinsa, shi kuma yake matse sautin ya aika. Ba ruwansa da BlueZ, ba ruwansa da famwayar da ta ɓace. Amma ba zai ɗauki linzami ko kibod ba, kuɗinsa ya ninka na farkon sau uku ko fiye, kuma manhajar da ake sauya masa saiti ko sabunta shi galibi ta Windows da Mac ce kawai. A wannan sahu ne 'yan adaftocin da ke zuwa tare da hedifon na ofis suke, kamar Jabra Link 380, waɗanda suka fi jin daɗin aiki da hedifon ɗin kamfaninsu.

Akwai na uku da ke ruɗa mutane: mai karɓar sauti, wanda ake sokawa a tsohuwar rediyo ko lasifika ta waya mai baki 3.5mm. Wannan ba ya ƙara wa kwamfuta Bluetooth. Lasifika yake ƙara wa. Idan kwali ya ce receiver kawai, ba naku ba ne.

Ai-si ake saye, ba kwali ba

A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan ne kuɗi ke salwanta.

Sunan da ke kan kwali sunan wanda ya yi roba da talla ne. Kamfanonin da ke ƙera ai-si na Bluetooth ba su da yawa, kuma Linux su ya sani. Kowace na'urar USB tana da lamba mai kashi biyu da lsusb ke nunawa bayan kalmar ID: huɗun farko na kamfani, huɗun ƙarshe na na'urar. Wannan lamba ita ce sunanta na yanka.

A ɗauki lambar 0a12:0001. Idan ta fito, za ku ga an rubuta Cambridge Silicon Radio a gefenta. Kamfani ne na nan Ingila, an kafa shi a Cambridge a 1998, Qualcomm ta Amurka ta saye shi a 2015. Ai-sinsa CSR8510 na Bluetooth 4.0 ya yi shekaru yana zama abin da kowa ke ba da shawarar saye ga mai Linux, domin ba ya neman famwaya, soka ka yi aiki ne. Farin jinin nan ya ja masa. Masu jabu suka cika kasuwa da adaftoci masu wani ai-si daban, amma suka sa musu lambar CSR, kamar yadda ake juye shinkafa a buhun wani kamfani a ɗinke baki. Kanel yana ganin lambar sai ya yi mata magana irin ta CSR, ita kuwa ba ta gane wasu umarnin, sai ta sandare. Tun 2020 masu kula da kanel suke ta ƙara dabarun gane na jabun da lallaɓa su, wasu sun fara aiki, wasu har yau sai a hankali. Alama mafi sauƙi ita ce: CSR8510 na gaske 4.0 ne. Duk adaftar da kwalinta ya ce 5.0 ko 5.3 amma lsusb ya nuna 0a12:0001, to ta faɗi gaskiyarta da bakinta. Irin waɗannan su ne ake sayarwa fam 3 ko 4 a intanet, marasa sunan kamfani.

Ai-sin da ya maye gurbinsa a yau shi ne RTL8761B na kamfanin Realtek na Taiwan, musamman samfurin da ke ƙarewa da BU. Shi ne aka sani a cikin TP-Link UB500, mai lamba 2357:0604, da ASUS USB-BT500, mai lamba 0b05:190e, da wasu da dama da ke fitowa da lambar Realtek ta kanta, 0bda:8771. Wannan yana neman famwaya, amma fayil ɗin yana cikin kunshin linux-firmware da Ubuntu da Mint da Fedora ke zuwa da shi. A Debian sunan kunshin firmware-realtek. Idan kuka soka irin wannan adafta ba ta motsa ba, ku rubuta sudo dmesg | grep -i bluetooth ku karanta layukan ƙarshe a tsanake. Kuna iya ganin wani abu kamar haka:

Direct firmware load for rtl_bt/rtl8761bu_fw.bin failed with error -2

Kada Turancin ya firgita ku. Kanel ne ke cewa ya gane adaftar, ya je neman fayil mai wannan suna a aljihun rtl_bt, bai same shi ba. Lambar -2 a Linux ma'anarta babu fayil ɗin. Adaftar lafiyarta ƙalau. Ku ɗora ko ku sabunta kunshin famwaya, ku zare ta, ku mayar. A ganina wannan layi ɗaya ya fi duk sharhin masu saye da ake rubutawa a ƙarƙashin kaya amfani, domin yana gaya muku wurin ciwon kai tsaye.

Broadcom kuwa, irin BCM20702 da ke cikin tsohuwar ASUS USB-BT400, famwayarsa ba ta cikin kunshin da Linux ke zuwa da shi, sai mutum ya nemo ta da kansa. Wanda yake da ita a durowa ya gwada. Wanda zai saya yau ya wuce.

Ga mai kwamfutar tebur da ba ya tsoron sukudireba, akwai hanyar da na fi yarda da ita: katin Intel AX200 ko AX210, wanda ke kawo Wi-Fi da Bluetooth tare, da eriya biyu a bayan akwati. Intel na da ma'aikata da ke rubuta direbobin Linux da kansu, shi ya sa kayansu ba sa cika ba da wahala. Abu biyu za a kiyaye. Katin da ake sokawa a ramin PCIe yana zuwa da wata siririyar waya da dole a haɗa da haƙoran USB tara da ke kan babban allon kwamfutar. Idan aka manta da ita, Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth kuwa ko alamarsa ba za a gani ba. Sannan AX201 da AX211, duk da kusancin suna, ba sa aiki sai a wasu allunan Intel na musamman.

Kamfanoni kan canza ai-si su bar sunan kaya yadda yake, sai dai su ƙara V2 ko V3 a gefen kwali. Don haka shawarar da wani ya bayar shekara uku da suka wuce ba hujja ba ce. Shafin linux-hardware.org yana tara rahoton na'urori daga kwamfutocin masu amfani da Linux, kuma ana iya neman na'ura da lambarta a ga a wane kanel ta yi aiki.

Manyan lambobin da ke kan kwali

Mai kanti zai nuna muku 5.3 ya ce ya fi 5.0, 5.0 kuma ya fi 4.0. Ta fuskar kiɗa da karatu a hedifon na yau da kullum, wannan bai cika zama gaskiya ba. Sautin yana bin tsohuwar hanyar Bluetooth ce, wadda gudunta bai wuce megabit 3 a daƙiƙa ba tun zubin 2.0 na 2004. Ƙarin nisa da gudu da aka yi ta yayatawa lokacin da 5.0 ya fito a 2016 na ɓangaren ƙaramin wuta ne, wanda agogon hannu da na'urorin auna bugun zuciya ke amfani da shi. Sabuwar adafta takan fi tsohuwa saboda ingancin ƙira, ba saboda lambar ba.

Abin da ke taɓa daɗin sauti shi ne kodek, wato dabarar matse sauti kafin a aika. SBC shi ne na dole, kowace na'ura tana da shi, kuma yakan kai kilobit 328 a daƙiƙa. AAC shi ne wanda kayan Apple ke so, sai dai wasu nau'o'in Linux ba sa zuwa da shi saboda batun lasisi. aptX ya samo asali ne daga binciken Stephen Smyth a Jami'ar Queen's ta Belfast a shekarun 1980, yanzu yana hannun Qualcomm. LDAC na Sony ne, yana kaiwa kilobit 990. PipeWire kuma yana da SBC-XQ, wato SBC da aka buɗe wa hanya, wanda hedifon da yawa ke karɓa ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Da adaftar gama-gari, kwamfuta ce ke yin matsin, ba adaftar ba. Idan PipeWire ɗinku yana da LDAC, hedifon ɗinku ma yana da shi, adaftar fam 12 za ta ɗauke shi, ko da kwalinta bai ambace shi ba. Da mai aika sauti zalla kuwa, abin da aka gina a cikinsa shi ke nan, babu ƙari. A nan ne kawai karanta jerin kodek a kwali yake da amfani. A kowane hali sai ɓangarorin biyu sun iya kodek ɗin, in ba haka ba su koma SBC. Kuma, tsakani da Allah, ga mai sauraron lacca ko labarai ko karatun Alƙur'ani, SBC mai tsayawa daram ya fi LDAC mai tsinkewa.

Akwai sabon tsari, LE Audio, da aka sanar a 2020, mai kodek LC3, wanda ke bukatar ai-si na 5.2 zuwa sama. BlueZ da PipeWire suna aiki a kansa, amma bai kai matsayin da zan ce wa mai koyo ya zuba kuɗi dominsa ba.

Saurare daban, magana daban

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku fara yi wa kanku: ji kawai zan yi, ko ji da magana?

Bluetooth yana da yanayi biyu na sauti. A2DP na saurare ne, kunne biyu, sauti cikakke, amma hanya ɗaya yake bi, makirufo ba ya aiki. HFP shi ne na kira, ana ji ana magana, amma sautin yana komawa guda, kuma siriri. Tsohon kodek ɗinsa, CVSD, yana ɗaukar murya sau 8,000 a daƙiƙa. Wanda ya fi shi, mSBC, sau 16,000. Faifan CD kuwa sau 44,100 ne. Shi ya sa za ku ga kuna jin wa'azi tangaran, da zarar kun shiga Zoom ko kun kira gida Katsina ta WhatsApp a burauza, sai muryar ta koma kamar ta cikin gwangwani. Babu abin da ya lalace. Kwamfutar ce ta sauya yanayi da kanta saboda wata manhaja ta nemi makirufo. Windows da Mac ma haka suke yi.

Sauya adafta ba ya maganin wannan, sai dai a tabbatar tana ɗaukar mSBC, abin da na jabu ke yawan kasawa. Mafita mafi araha ita ce a raba aikin: a saitin sauti ku bar hedifon a matsayin mafitar sauti, ku zaɓi makirufon laftof ko na kyamara a matsayin mashiga. Sai hedifon ya zauna a A2DP, malami yana jin ku, ku ma kuna jin sa sarai. Ƙaramar manhajar pavucontrol tana nuna yanayin da ake ciki a shafin Configuration, kuma a nan ake sauyawa da hannu.

Wanda abincinsa ke kan kira, kamar mai aikin tafinta ta waya ko mai amsa kiran kwastomomi daga gida, hedifon na ofis mai tasa adaftar ya fi dacewa da shi. Ranar intabiyun aiki kuwa, ko ganawa da likita ta bidiyo, ni dai shawarata a ajiye iyafis mai waya a kusa.

Gidan da kuke ciki

Bluetooth yana aiki a zangon gigahaz 2.4, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa don kauce wa cunkoso. A zangon nan Wi-Fi ma yake. A jerin gidajen jan bulo masu manne da juna na Rusholme da Moss Side a Manchester, ko na Sparkbrook da Handsworth a Birmingham, ku buɗe jerin Wi-Fi ku ga yawan na maƙwabta da ke ratso bango. A dogayen benaye abin ya fi haka. Idan rawutarku tana da gigahaz 5, ku mayar da kwamfutar can, ku bar wa Bluetooth fili.

Na'urar ɗumama abinci ma a wannan zango take, wajen gigahaz 2.45. Mutanen Birmingham suna da hannu a nan: a jami'arsu ce John Randall da Harry Boot suka ƙera magnetron mai ƙarfi a 1940 don radar ta yaƙi, kuma jikanta ne ke cikin kowace makirowef a yau. Idan sauti yana yankewa duk lokacin da ake ɗumama miya, kun san mai laifi.

Babban maƙiyi kuwa yana jikin kwamfutar kanta. Ramukan USB 3.0, masu shuɗin harshe, suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon 2.4, abin da Intel ta yi bayaninsa a wata takarda tun 2012. Adaftar da aka soka a bayan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, kusa da faifan ajiya na USB 3.0, ko ta fam 50 ce za ta yi ta sarƙewa. Ku soka ta a rami mai baƙin harshe, na USB 2.0, ko ku sayi wayar ƙari ta mita ɗaya ku ɗora adaftar a kan tebur inda za ta ga kanku. Jikin mutum ma yana tare siginar, domin ruwa ne mafi yawansa. Mita 10 da ake rubutawa a kwali lissafin fili ne, ba na ɗaki mai bango biyu ba.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Idan laftof yana da Bluetooth na ciki kuka ƙara adafta, kwamfutar za ta ga biyu, kuma tana iya ci gaba da amfani da tsohon. Umarnin bluetoothctl list zai nuna su. Sannan mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya zai ga hedifon yana ƙin ɗaya bayan an ƙulla shi da ɗayan, domin adireshin adaftar ɗaya ne amma mabuɗin sirrin ya bambanta.

Saye da mayarwa a Birtaniya

Tunda ba a sanin ai-si sai an soka, inda kuka saya yana da muhimmanci kamar abin da kuka saya. Dokar Consumer Contracts Regulations ta 2013 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet daga ɗan kasuwa kwana 14 bayan kayan sun iso ya ce ya fasa, ba sai ya kawo dalili ba, da wasu kwana 14 na mayarwa. Kuɗin aikawa yana iya faɗawa kanku, kuma ana iya rage muku wani abu idan kun wahalar da kayan, don haka a buɗe kwali a hankali, a adana shi.

A kanti ido da ido ba haka ba ne. Dokar Consumer Rights Act ta 2015 ta ba ku kwana 30 ku mayar da kaya mai aibi a ba ku kuɗinku cif. Amma adaftar da kwalinta ya ce Windows kawai, ta ƙi aiki a Linux, ba a kiranta mai aibi. Sai dai dokar ta ce idan kun gaya wa mai sayarwa abin da za ku yi da kayan kafin ku biya, kuka dogara da maganarsa, to dole kayan su dace da wannan aiki. Saboda haka ko a Currys ne, ko a ɗan shagon waya a Wilmslow Road ko Stratford Road, ku faɗa a fili cewa a Linux za ku yi amfani da ita, ku roƙi a rubuta hakan a bayan rasit. Wanda ya ƙi rubutawa, ku yi masa godiya ku fita. Mafi kyau ma ku tafi da laftof ɗin a jaka, ku nemi izinin gwadawa. Saye daga hannun mutum a Facebook Marketplace ba ya ɗauke da mafi yawan wannan kariya. Idan rigima ta taso, Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.

Ga yawancinku, adafta mai ai-sin RTL8761B daga kamfani mai suna, a kan Ubuntu 24.04 ko Mint 22, haɗe da wayar ƙari, ita ce amsar, kuma duka ba zai kai fam 20 ba.

Aikin gida

A kwamfutarku, ku gudanar da uname -r, da lsusb, da rfkill list, da pactl info. Ku rubuta a takarda lambar kanel, da lambar ID ta Bluetooth idan akwai, da sunan mai rarraba sauti. A ƙasa ku rubuta sunan hedifon ko lasifikar da kuke son haɗawa, da kodek ɗin da takardarsa ta ambata, sannan jimla ɗaya da ke bayyana ko saurare kawai za ku yi ko har da magana. Daga nan ku zaɓi iri ɗaya cikin waɗanda muka tattauna, ku kawo dalili biyu.

Wanda ba shi da intanet a gida yana iya yin binciken lambar a Central Library ta Manchester da ke St Peter's Square, ko a Library of Birmingham da ke Centenary Square. Duk wanda yake da tsohuwar adafta a gida, mai aiki ko matacciya, ya zo da ita aji mako mai zuwa, za mu soka su ɗaya bayan ɗaya mu karanta abin da dmesg zai ce. Kada kowa ya sayi komai kafin nan.